Zanen abinci a iska: fensir, kalar ruwa, fentin mai ko waya, wanne za ka ɗauka?

Bayan ƙaramar Sallah ɗan yayata ya kafa teburin shayi a Mabera, cikin Sakkwato, ya zo shagona da buƙatarsa. "Kawu," in ji shi, "allo nika so, amma ba kohi da burodi a ajiye kamar na kowa ba. Ƙwai nika so a gani ya tashi sama daga kasko, shayi kuma yana zuba daga kohi zuwa kohi." Sai ya ƙara da tambayar da ta hana shi barci: a zana da fenti ne a kan allo, ko a yi a waya a buga a kan bana, wato ledar tallan nan da ake ratayawa?

Ba shi kaɗai ke cikin wannan ruɗu ba. Ɗalibai masu aikin makaranta sun yi mini irin tambayar, haka mata masu sayar da abinci daga gida, haka yaran da ke koyon zane a wajena. Abinci a kwano kowa zai iya zana shi, yana nan zaune yana jiranka. Wanda aka wurga sama ba ya jiran kowa, kuma kayan aikin da ka zaɓa su ne za su sa ya yi kama da abin da ke tafiya ko ya yi kama da abin da aka liƙa a bango.

Abubuwan da nake aunawa

Na farko kuɗi, kuma ba na ranar farko kaɗai ba. A lissafa da abin da za a riƙa sake saye, da asarar aikin da ya lalace. Farashi a Babbar Kasuwa yana motsi kusan kowane wata, don haka zan kwatanta hanyoyin da junansu ne.

Na biyu daɗewa. A Sakkwato zane yana da abokan gaba huɗu: ranar Maris zuwa Mayu da zafinta ke haura digiri 40, ƙurar hunturu, iska da ruwan farkon damina, sai gara. Abin da zai shekara goma a ɗaki zai iya mutuwa cikin wata biyu a bakin titi.

Na uku sauƙi, musamman sauƙin gyara idan hannu ya kuskure. Na huɗu haɗari, ga lafiya da kuma ga mutuncinka wajen jama'a. A nan akwai magana biyu. An ruwaito cewa wani mai sana'ar yin hotuna ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, ya ce masa in dai dole sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Saboda haka ni nakan tsaya ga kasko da faifai da abincin kansa, in ya zama dole a ga hannu, to hannun kaɗai. Ɗayar maganar ita ce wulaƙanta abinci. A garin Buñol na ƙasar Sifen akwai bikin da ake jifan juna da tumatir kowane watan Agusta, hotunansa sun cika intanet, yara kan kawo mini su su ce ga irin abin da suke so. A can wasa ne, a nan almubazzaranci ne, kuma allo irin wannan korar mai saye zai yi. Duk abincin da ka ɗaga sama a zanenka, ka nuna inda zai sauka: kasko, faifai, ƙwarya ko tafin hannu.

Ma'auni na biyar nawa ne, kuma shi na fi dogara da shi: wane irin abinci ne ke tashi? Dunƙule ne mai maiƙo, kamar wainar ƙwai ko masa? Ruwa ne, kamar shayi ko nono? Tsaba ce, kamar geron da ake bakace? Ko gari ne, kamar yajin da mai tsire ke barbaɗawa? Kowanne da abin zanen da ya fi karɓarsa.

Kafin ka taɓa takarda

Ko da wanne za ka yi aiki, sai ka fara kama lokacin. Abin da aka cilla sama rabin mita ba ya kai sakan ɗaya a iska, wajen kashi biyu cikin uku na sakan ne hawa da sauka. Ido ba ya riƙe siffa a wannan ɗan tsakanin. Ba mu muka fara shan wannan wahala ba: masu zane a Turai sun daɗe suna kuskuren yadda ƙafafun doki suke a sukuwa, sai a 1878 da wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya ɗauki jerin hotunan doki yana gudu a Kalifoniya aka ga gaskiyar abin. Yau kusan kowa yana da abin da ya fi na'urarsa a aljihu. Bidiyon waya na yau da kullum yana ɗaukar hoto 30 a sakan, wato jifa ɗaya zai ba ka kusan 20. Idan wayar tana da tsarin ɗauka a hankali mai hoto 240, za ka samu wajen 150 ka zaɓa. A ɗauka a tsakar gida da hantsi, domin a cikin ɗaki hoton yakan fito a dushe.

Ranar da na so zana bakace, na roƙi wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta yi mini in ɗauka. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, shimhiɗa tabarma tukuna. Hatsi ba ya taɓa ƙasa a gidan ga." Na shimfiɗa. Da na koma ina duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, na ga abin da shekaru ina kallo ban lura ba: geron yana taruwa ya yi duhu a can ƙololuwa inda gudunsa ya ragu, yana warwatsewa a ƙasa inda ya fi sauri, ƙaiƙayi kuwa bai bi hanyar tsabar ba sam, iska ta janye shi gefe kamar hayaƙi.

Ka riƙe abubuwa uku. Abin da aka jefa yana bin lanƙwasa irin ta baka, hawa da sauka daidai wa daida, kamar yadda masanin kimiyya Galileo ya bayyana tun ƙarni na 17, don haka ka fara ja wannan bakan da siririn layi kafin ka ɗora abincin. Shayin da ke zuba yana da kauri a bakin kofin sama, yana sirancewa yana sauka, a ƙarshe ya tsinke ya zama ɗigo. Sannan inuwa: raba ta da abincin, ka ajiye ta can cikin kasko. Gibin da ke tsakaninsu shi ke gaya wa ido cewa ƙwan nan yana sama.

Fensir da biro a takarda

Wannan ita ce hanya mafi araha, ba ta da na biyu. Fensir uku sun isa, HB na shata layi, 2B na inuwa, 6B na wurin da ya fi duhu, sai magogi da takarda mai ɗan kauri. Duk kantin littattafai za ka same su.

Ga tsaba da gari babu kamarsa. Bakin fensir mai tsini zai ɗiga maka gero ɗaya-ɗaya, ka cika sama ka sassauta ƙasa, ka murza yatsa a gefe ƙaiƙayi ya fito. Gefen magogi kuma yana fitar da farin layin gudu a bayan abin da ke tafiya. Inda yake gazawa shi ne maiƙo da launi. Wainar ƙwai da fensir takan yi kama da faifai, masa takan yi kama da dutse, domin abin da ke sa mutum ya haɗiyi yawu shi ne ja-ja-jan gefen da ya soyu.

Baƙin fensir ba ya kodewa a rana, amma yana gogewa da hannu, kuma gumin bazara yana ɓata takarda tun kana cikin aiki, don haka ka sa wata takardar ƙarƙashin hannunka. Tawadar biro ita ce akasi, ba ta gogewa amma rana tana cinye ta. Takarda kuwa abincin gara ce. A saka a firam mai gilashi, ko a ɗauki hotonsa a ajiye. Haɗari ga lafiya babu.

Kalar ruwa

Iri biyu ne, kuma mutane suna haɗa su. Akwai mai shara-shara wadda farin takarda ke leƙowa ta cikinta, akwai mai kauri ta cikin 'yan kwalabe da ɗalibai ke amfani da ita, wadda ke rufe abin da ke ƙasanta. Kuɗinsu matsakaici ne, sai dai takardar ce ke ci, domin takardar rubutu tana jin ruwa take kumbura ta lanƙwashe.

Idan shayi kake so, ko nono yana zuba daga ludayi, ko tururi, mai shara-shara ta fi kowa. Ruwa ne ke zana ruwa. Ka ja buroshi sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa kana rage dannawa, ka bar siririn farin takarda a gefe ya zama ƙyalli, ka karkaɗa buroshin a yatsa ɗigo su fantsama da kansu. In ta yi kyau, babu abin da ke kama ta.

Amma ita ce mafi wuyar sha'ani cikin huɗun. Ba ta yafe kuskure, kuma busasshiyar iskarmu tana sa ta bushe kafin ka haɗa launi biyu. A hunturu na sha ganin gefen shafi ya bushe ya bar tabo tun ban kai ƙarshen layi ba. Wanda zai yi ta ya yi bayan sallar asuba, ya kashe fanka. Mai kaurin ta fi sauƙi tunda ana iya ɗora fari a kan duhu, sai dai ɗigon ruwa ɗaya yana tayar da ita ko bayan shekara. Duka biyun ba na waje ba ne, kuma ba na kusa da tukunya ba ne.

Fentin mai a kan katako ko ƙarfe

A nan na fi daɗewa, kuma ba zan ɓoye cewa ita zuciyata ta fi so ba. Ita ce hanyar masu rubuta allon shaguna da masu ƙawata bayan manyan motoci. Kuɗin farawa ya fi na sauran nauyi: ƙananan gwangwanaye biyar aƙalla, fari, baƙi, ja, rawaya da shuɗi, ga buroshi manya da ƙanana, ga kananzir ko tina, ruwan tsinka fenti, ga samfefa, ga allon kansa wajen kafinta ko mai walda. Sai dai gwangwanayen za su yi allo da yawa, don haka ga mai sana'a tsadar ta rana ɗaya ce.

Dunƙulen abinci mai maiƙo a nan yake samun haƙƙinsa, domin fentin da kansa yana sheƙi. Allon ɗan yayata da shi na yi. Na shafa bayan da shuɗi mai duhu, na bar shi ya kwana. Washegari na ja bakan da alli, na ɗora wainar a ƙololuwa, a ɗan karkace yadda za a ga cikinta da ya soyu. Rawaya a tsakiya, ja da ɗan baƙi a gefe, yankan albasa da attarugu guda huɗu sun rabu da ita suna binta a baya, kowanne a kan nasa ƙaramin bakan. Ɗigon fari uku na ƙarshe, waɗanda ba su kai ƙwayar wake ba, su suka sa man ya yi ƙyalli. Daga tsallaken titi ana ganinta.

Ga tsaba kuwa wahala ce. Buroshi ba ya son ƙananan abubuwa dubu, kuma fentin yana da nauyi, yakan zubo idan ka cika shi. Shayi yana yiwuwa, amma yakan fito kamar igiya in ba a tsinka shi da ɗigo a ƙasa ba.

Wajen daɗewa ita ce gaba. Allon da aka goge da samfefa, aka yi masa shafin farko, aka bar kowane shafi ya bushe sosai, yana shekaru a waje, kuma in ya dushe ana sabunta shi ba sai an sake sabo ba. Ja da rawaya su ke fara kodewa, don haka a kafa allon inda ranar yamma ba ta dukansa kai tsaye. Kuskure kuma yana gyaruwa, a goge da tsumma da kananzir tun yana ɗanye, ko a rufe shi gobe.

Haɗarinta ma shi ne gaba. Warin yana sa ciwon kai a rufaffen ɗaki, tina tana kama wuta nan take, saboda haka kada a yi aikin kusa da risho ko tukunyar gas ta mai shayi. Wasu fentin mai, musamman rawaya da ja, suna ɗauke da gubar dalma, kuma mu a wannan yanki mun san abin da dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. A nemi gwangwanin da aka rubuta babu dalma, a hana yara zama wurin goge tsohon fenti, a wanke hannu kafin cin abinci. Sannan hunturu: na taɓa barin ɗanyen allo a waje da dare, da safe na tarar ƙura ta manne masa kamar an barbaɗa gari, sai da na goge na sake daga farko.

Zane a waya, a buga a bana

In kana da wayar, farawa kusan kyauta ne. Manhajar ibisPaint da Sketchbook suna aiki a Android, Krita tana aiki a kwamfuta ba tare da biya ba, Procreate kuwa sai mai iPad kuma ana saye. Ɗan alƙalamin taɓa fuskar waya yana taimakawa, domin yatsa yana rufe abin da kake zanawa. Kuɗin yana zuwa ne wajen bugawa, inda ake lissafi da girman banar.

Babbar falalarta ita ce zane hawa-hawa. Kasko a hawa ɗaya, ƙwai a wani, inuwa a wani. In bakan bai yi ba, ka ja ƙwan ka matsar, ka juya shi, ba ka taɓa sauran ba. Kana iya sa hoton da ka ciro daga bidiyo a ƙasa ka bi layinsa, kana iya zana tsaba goma ka ninka su su zama ɗari. Ga mai koyo wannan gata ne. Amma a kula da ninkawar, domin in ƙwayoyin suka zama iri ɗaya sak, suna fuskantar gefe ɗaya, ido yana ganewa nan da nan, abin sai ya daskare.

Matsalolinta uku. Fuskar waya da haske take nuna launi, injin bugawa kuwa da tawada huɗu yake haɗawa, don haka jan da ya burge ka a waya yakan fito a dushe. Ka sa a buga maka ɗan ƙarami ka gani tukuna. Na biyu, wanda ya fara zane a ƙaramin shafi, in an faɗaɗa shi ya kai mita biyu zai farfashe, kuma tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto yana rage masa inganci, sai a tura a matsayin fayil. Na uku ita ce banar kanta. Araha ba ta ado: ranar Sakkwato tana cin launinta, iskar farkon damina tana yaga ta in ba a ɗaure ta a kan firam ba. Abin da ke ceton ta shi ne fayil ɗin yana nan, a sake bugawa, muddin an ajiye shi a wani wuri ban da wayar, don waya tana faɗuwa, ana kuma sace ta.

| Hanya | Kuɗi | Daɗewa | Sauƙi | Haɗari | Abincin da ta fi karɓa |
|---|---|---|---|---|---|
| Fensir da biro | Mafi araha | A ɗaki kawai | Mai sauƙi, ana gogewa | Gara, gumi | Gero, shinkafa, yaji |
| Kalar ruwa | Matsakaici | A ɗaki, cikin firam | Mai wuya | Ɗigon ruwa, saurin bushewa | Shayi, nono, tururi |
| Fentin mai | Mai nauyi da farko | Shekaru a waje | Sai an koya, ana gyarawa | Wari, wuta, dalma, ƙura | Ƙwai, masa, nama, kankana |
| Waya da bana | Zane kyauta, bugu da kuɗi | Fayil na daɗewa, bana na kodewa | Mafi sauƙin gyara | Sauyin launi, ɓatan waya | Kowanne, in an kula |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Ɗalibi da mai koyo su fara da fensir, su zana bakace sau ashirin kafin su sayi komai. Wanda ya iya jan baka da raba inuwa a takarda, duk abin da ya riƙa daga baya zai yi masa biyayya. Wanda ke son abin rataya a falo ko na ba da kyauta, kuma shayi ko fura da nono ne a ransa, ya jure wa kalar ruwa, ya sayi takarda ninki biyu na abin da yake zato.

Hajiyar da ke sayar da abinci daga gida, wadda tallarta a WhatsApp da Facebook take, ba ta da buƙatar fenti ko kaɗan. Waya ta ishe ta, zane ɗaya zai hau takardar liƙawa a robar abinci, ya hau katin farashi. Haka mai rumfar wucin gadi ta azumi ko ta bikin Sallah, bana ta fi masa, tunda kafin rana ta cinye ta an tashi.

Mai shayi, mai tsire, mai masa da duk wanda ya kafa wuri a bakin titi da niyyar zama, fentin mai ne nasa. In kuma kuɗin bai kai ba a yanzu, ga abin da nake ba da shawara: a tsara zanen a waya har ya gamsar, a buga ƙaramar bana a fara da ita, ranar da ciniki ya kankama a kai wa mai fenti wannan hoton ya ɗora a kan ƙarfe. Ɗan yayata bai bi ta nan ba saboda allon kyauta na yi masa, amma shayin da ke gefen ƙwan sai da na gwada shi sau shida a waya kafin na buɗe gwangwani.